'Yan Mazan Jiya da Ciwon Zuci: Tarihin Jinyar Sojojin da Suka Komo Daga Yaƙin Bama

Gabatarwa

Duk wanda ya zazzaga barikokin soja na ƙasar nan zai ci karo da waɗansu baƙin sunaye waɗanda ba su yi kama da wani harshe namu ba. A Kaduna akwai barikin Dalet da na Kalapanzin, a Ibadan akwai na Letmauk, a Ikko kuwa ga Arakan da Myohaung da An da Tamandu. Waɗannan duka sunayen wurare ne na ƙasar Bama, wadda a yau ake kira Myanmar, inda sojojin Nijeriya suka gwabza da Japanawa a shekarun 1944 da 1945. Barikin Chindit na Zariya shi kuma ya ci sunan wata runduna ce ta musamman wadda bataliyoyin Nijeriya uku suka yi yaƙi a cikinta. Ashe ke nan hukuma ba ta manta da filayen daga ba, tun da ga su nan a rubuce a ƙofofin bariki. Abin da aka yi sakaci da shi shi ne labarin mutanen da suka tsaya a filayen, da halin da zukatansu suka shiga bayan an sallame su.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan labari. Za a duba irin abin da sojojin suka gani, da yadda likitancin Turawa ya ɗauki ciwonsu, da kuma hannuwan da suka yi jinyarsu bayan sun komo. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, nauyin jinyar zukatan 'yan mazan jiya a ƙasar Hausa ya faɗa ne a wuyan dangi da malamai da masu maganin gargajiya, kuma inda duk aka dace, an dace ne domin an mayar da mutum cikin jama'arsa da mutuncinsa, an kuma ba shi hanyar sauke alhakin da yake jin ya ɗauko. Wannan darasi bai tsufa ba, domin har gobe 'ya'yanmu suna komowa daga fagen fama.

Tafiya Bama

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a shekarar 1939, wanda Hausawa suka fi sani da Yaƙin Hitila, sai Gwamnatin Ingila ta juyo kan ƙasashen da take mulka neman mayaƙa. Kafin a gama yaƙin mutanen Nijeriya fiye da 100,000 sun sa kaki. A Arewa ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka bi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda aka kafa a Zariya a farkon wannan shekara, ta yi ta kawo labarun yaƙi tana ƙarfafa wa samari guiwa. Waɗansu sun shiga don sha'awar kaki da albashi, waɗansu don gudun talauci ko wata rigima ta gida, waɗansu kuwa mai unguwa ne ya nuna su don a cika adadin da aka yanka wa gari.

Tun a 1941 sojojin Nijeriya suka yi suna a Gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu suka bi Italiyawa har cikin Habasha. Amma babbar jarrabawa tana Asiya. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka haye da su teku zuwa Indiya. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, cikin duwatsu da surƙuƙin daji inda mota ba ta da hanya, har sai da sojojin suka sare wata turba da hannu. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu, sa'an nan dubban sojoji 'yan dako, waɗanda da yawansu ba su riƙe da bindiga, su ɗauka a ka su bi mayaƙa da shi har bakin wuta. A watan Maris na wannan shekara Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a wajen Kyauktaw suka tilasta musu ja da baya. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 kuwa an sauke su ne a bayan layin abokan gaba tare da rundunar Chindit ta Janar Wingate, suka yi watanni cikin ruwan bama-bamai da damina. Runduna ta 82 ta shigo a ƙarshen 1944, rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung a watan Janairu 1945.

Ya kamata a lura da irin wannan yaƙi, domin daga siffarsa ake gane siffar raunin da ya bari. Yaƙi ne na dare da na sari-ka-noƙe, inda mutum ba ya ganin maƙiyinsa sai ya zo gab da shi, inda ƙarar karyewar reshe ka iya zama ajali. Ga zazzaɓin cizon sauro da atini da matsattsaku. Janar Slim, wanda ya shugabanci Runduna ta 14 da waɗannan sojoji suke ƙarƙashinta, ya faɗa a littafinsa cewa a 1943 duk soja ɗaya da aka kwashe saboda rauni, an kwashe 120 saboda cuta. Wanda ya faɗi a irin wannan daji sau da yawa ba ya samun wanka da likkafani da salla yadda addini ya tanada, abokansa kuwa su wuce da wannan a ransu. Saurayin da ya tashi a filin Allah na ƙasar Katsina ko Sakkwato, inda ido ke hango mai zuwa tun daga nesa, shi ne aka ajiye a wannan duhu shekara guda ko fiye.

Yadda Likitancin Turawa Ya Ɗauki Ciwon

Turawa ba su jahilci wannan ciwo ba. Tun a 1915 wani likitan sojan Ingila mai suna Charles Myers ya yi rubutu a kan sojojin da suka rikice a ramukan yaƙi na Faransa, masu makyarkyata da ɗaukewar magana da mugayen mafarkai alhali babu tabo a jikinsu. Da fari an zaci girgizar harsashin igwa ce take taɓa ƙwaƙwalwa, daga baya aka gane tsoro da firgici ne suka yi wa zuciya yawa. A asibitin Craiglockhart na ƙasar Sikotilan, likita W. H. R. Rivers ya yi jinyar hafsoshi a 1917 ta hanyar zama da su da sauraronsu, yana hana su danne abin da suka gani. Duk da haka hukumar soja ta daɗe tana kallon abin a matsayin ragwanci. Sojoji 306 aka harbe a Yaƙin Duniya na Farko bisa laifin tsoro ko gudu daga fagen fama da makamantansu, ba a kuwa yafe musu a hukumance ba sai a shekarar 2006.

To, idan haka aka yi wa ɗan gida, ina ga bare? A 1944 da 1945 likitocin soja biyu, Nichols da Dembovitz, sun buga rahotanni a mujallun likitoci na Ingila game da ciwon hankali a tsakanin sojojin Afirka, abin da ke nuna cewa hukuma ta san akwai matsalar. Sai dai ra'ayin da ya yi rinjaye a wancan zamani shi ne wanda J. C. Carothers ya tattara a littafinsa The African Mind in Health and Disease, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1953. A ganinsa baƙin mutum bai cika kamuwa da ciwon baƙin ciki mai zurfi ba, bai kuma cika zargin kansa a kan abin da ya aikata ba. Illar wannan ra'ayi a fili take. Likitan da ya riga ya yarda cewa majinyacinsa ba ya nadama ba zai tambaye shi abin da ke cin ransa ba. Sojan da ya yi shiru ya rame sai a ce lafiyarsa ƙalau, wanda ya yi fage-fage kuwa sai a ce mahaukaci ne a kulle shi.

Sai a shekarar 1980, bayan gwagwarmayar sojojin Amurka da suka komo daga Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa na can suka shigar da ciwon cikin kundinsu da sunan da ake taƙaitawa PTSD, watau ciwon firgicin da ke biyo bayan masifa. Alamominsa su ne dawowar abin da ya faru a mafarki ko a farke, da gudun duk abin da zai tuna shi, da zabura, da saurin fushi, da rashin barci. A 1994 kuma likita Jonathan Shay ya jawo hankali ga wani rauni na dabam, wanda ba tsoro ne tushensa ba. Shi ne raunin da ke samun mutum idan ya aikata, ko ya gani, ko shugabansa ya sa shi abin da zuciyarsa ta san ba daidai ba ne. Za mu ga nan gaba cewa Bahaushe ya daɗe da sunan wannan rauni na biyu.

Komowa Gida

Yawancin sojojin sun iso gida a 1946. An tarye su da kaɗe-kaɗe da jawabai, Malam Sa'adu Zungur kuma ya yi musu shahararriyar waƙarsa ta Maraba da Soja. Tun kafin nan Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai musu ziyara har Indiya da Bama. Gwamnati ta kafa doka a 1945 wadda ta umurci ma'aikatu su riƙa ɗaukar tsofaffin sojoji aiki, a 1946 kuma aka kafa ƙungiyar kula da jin daɗinsu, wadda Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya ta gada a 1964. Waɗansu sun sami aikin ɗan doka ko masinja ko direba ko gadi a En'e da kamfanoni. Amma guraben ba su kai yawan masu nema ba, kuɗin sallamar baƙin soja kuma bai kama ƙafar na Bature ba. Ɓacin ran da wannan ya haifar bai ɓuya ba. A Ankara ta ƙasar Gana, ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan sanda suka harbe tsofaffin sojoji uku da ke cikin jerin gwanon kai kuka ga Gwamna, a 1951 kuwa tsofaffin sojoji marasa aiki suka tayar da tarzoma a Umuahia.

Wannan bayani yana da alaƙa ta kai tsaye da batunmu. Mutumin da ya sayar da ransa, ya komo ya tarar alkawarin da aka yi masa ya zama iska, ciwonsa ya ninku, domin an raba shi da abin da zai gaya wa kansa ya ce wahalar ba ta tafi a banza ba.

Game da waɗanda hankalinsu ya gushe sarai, tanadin hukuma kaɗan ne. Dokar mahaukata ta 1916 tsarewa ta sani, ba ta san magani ba. Akwai gidajen mahaukata a Kalaba da Yaba tun farkon ƙarni, a 1944 kuma aka mayar da wani tsohon gidan yari da ke Lantoro a Abekuta wurin ajiye sojojin da aka komo da su da taɓin hankali. A Arewa kuwa al'adar ita ce a ware wa irin waɗannan mutane sashe a gidajen yarin En'e. Saboda haka iyalin da ɗansu ya komo ba daidai ba suna da zaɓi biyu, ko su miƙa shi ga dogarai, ko su rufa wa kansu asiri su yi jinyarsa a gida. Galibi na biyun suka ɗauka. Waɗanda suka tashi a garuruwanmu a shekarun 1950 da 1960 ba su rasa tuna wani tsohon soja da yara ke tsokana, mai fareti shi kaɗai a bakin kasuwa, ko mai zabura ya kwanta ƙasa in an buga bindigar salla. Marubucin nan Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, daga labarun gidansu ya gina littafinsa Burma Boy na 2007, a kan wani yaro Bahaushe da ya shiga rundunar Chindit.

Jinyar Gida

Kalmar lafiya a Hausa ta fi ƙarfin jiki kawai. Ana tambayar lafiyar gida da ta gari da ta hanya, watau daidaituwar al'amura kowane a mazauninsa. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi ya buga littafinsa Hausa Medicine a 1988, ya yi dogon bayani a kan wannan. Wanda ya komo daga yaƙi ba ya barci, ba ya shiga mutane, ba ya jure kukan yaro, a idon Bahaushe ya fita daga mazauninsa ne, magani kuwa shi ne a mayar da shi. Hanyoyi uku aka bi, sau da yawa a lokaci guda.

Hanya ta farko ita ce ta malamai. Sojan da zai tafi da ma da layu da guru ya tafi, ya kuma bar iyaye suna sadaka, saboda haka da ya komo wurin malam aka fara kai shi. Akan yi masa rubutun sha da tofi, a ba shi addu'o'in kwanciya barci, a sa a sauke Alƙur'ani, a yi yanka a rarraba. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u, wadda ta rayu cikin yaƙe-yaƙen jihadi tun tana ƙarama, ta wallafa Tabshirul Ikhwan a 1839, inda ta tattara fa'idojin surori ga masu ciwo da masu tsoro da damuwa. Tun kafin ta da ƙarnuka, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya rarrabe tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, har ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum haka kawai. Addinin kansa bai ɗauki tsoro a fagen fama abin kunya ba, tun da ya tanadi sallar tsoro, Suratu Ali Imrana kuma ta ambaci gyangyaɗin da aka saukar wa muminai don samun natsuwa bayan tashin hankalin Uhudu.

Amma babban abin da malami yake da shi, wanda likitan soja bai da shi, shi ne amsar tambayar alhaki. Masu iya magana sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Sojan Bama ya kashe mutanen da ba su taɓa yi masa kome ba, a ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba, a yaƙin da ba jihadi ba, ƙarƙashin tutar wani sarki na ƙetare. Wani ya bar abokinsa da rai a daji don ba halin ɗaukarsa. Irin wannan mutum kome yawan maganin barcin da aka ba shi, tambayarsa tana nan: shin Allah zai kama ni da wannan jini? Malami yana da ƙofar tuba da istigfari, da azumi, da sadaka, da addu'a ga mamaci, da bayanin hukuncin wanda aka tilasta. Yana kuma da ƙissar Usamatu ɗan Zaidu, wanda ya kashe wani mutum a yaƙi bayan ya furta kalmar shahada, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa faɗa mai tsanani, nadama ta kama shi, har ya ƙi sa hannu a fitinar da ta auku tsakanin Musulmi daga baya. Ƙissar tana nuna wa mai ciwo cewa an ɗauki laifinsa da nauyinsa, ba a ce masa ba kome ba, kuma duk da haka ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Sojoji Kirista, waɗanda suke da yawa a rundunonin biyu, su ma addininsu yana da irin wannan gado. Littafin Ƙidaya ya umurci mayaƙa su zauna bayan zango kwana bakwai su tsarkaka kafin su shigo, bayan yaƙin Hastings na 1066 kuma limaman coci sun ɗora wa mayaƙan da suka ci nasara tuban shekara guda a kan kowane rai da suka kashe.

Hanya ta biyu ita ce ta bori. Duk da ƙyamar da malamai suke yi masa, tarihi ba zai tsallake shi ba, domin mutane da yawa sun nufe shi, musamman a karkara. A wurin 'yan bori, mai zabura da sambatu iska ce ta taɓa shi, magani kuwa shi ne a san ko wace ce, a yi girka, a daidaita tsakaninsu. Abin sha'awa ga mai nazarin tarihi shi ne yadda soja da bariki suka shiga cikin iskokin kansu. A wajen 1925, a ƙasar Filinge ta Nijar, aka fara ganin waɗansu iskoki da ake kira Babule ko Hauka, masu fareti da sara wa juna da ba da oda kamar sojan Faransa, har da wanda ake kira Kwamanda Mugu. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a Ankara ya fitar a 1955, Matthias Krings kuma ya yi nazarin danginsu, watau iskokin Turawa, a borin Kano a shekarun 1990. Kome mutum zai ce game da aƙidar, a fili yake cewa al'umma ta ƙago wani dandali inda ake fito da tsoron kaki da bindiga a bainar jama'a, a ba shi suna, a yi masa kiɗa, sa'an nan a sallame shi.

Hanya ta uku, wadda a ganina ta fi sauran tasiri ko da yake ba a kiranta magani, ita ce ta dangi. Akan yi wa wanda ya komo aure da wuri, a yanka masa gona a gandu, a sa shi a sahun salla da zaman majalisa da gayya. Laƙabin Saje ko Kofur ko Samanja yakan bi shi har kabari, ya zama abin girmamawa. Wanda ya sami aikin En'e ya sami abin da zai tashi dominsa kowace safiya. Binciken da Alcinda Honwana ta yi a Mozambik bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1992 ya nuna irin wannan hikima, inda dangi kan ƙona tufafin yaƙin wanda ya komo, su yi masa wanka, sa'an nan su karɓe shi a matsayin sabon mutum.

Sai dai kada mu yi wa jinyar gida kwalliyar da ba tata ba. Tarbiyyar da ta ce namiji ba ya kuka, ta kuma sa haƙuri da kunya a gaba da kome, ta rufe bakin mutane da yawa har suka mutu da abinsu a ciki. Waɗansu sun nemi mafaka a giya da ƙwaya. Matan aure da 'ya'ya su suka sha dukan da ba su san mafarinsa ba, ba kuwa wanda ya lissafa su cikin waɗanda yaƙi ya raunata. Wanda ya gagari gida kuma mari ne makomarsa, al'adar da ba ta mutu ba, kamar yadda aka gani a 2019 sa'ad da hukuma ta fasa waɗansu gidajen mari a jihohin Kaduna da Katsina ta fito da ɗaruruwan mutane.

Gwajin Aro

Mutumin da ya fara haɗa hanyoyin nan biyu, ta asibiti da ta gida, shi ne Dokta Thomas Adeoye Lambo. Bayan ya yi karatu a Ingila ya komo Abekuta, a 1954 ya fara wani tsari a sabon asibitin Aro, wanda gidan Lantoro ya zama reshensa. Maimakon a kulle majinyaci, sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan'uwansa mai kula da shi. Da rana ya je asibiti a yi masa magani, da yamma ya komo cikin mutane, ya ci abincin da ya saba, ya je kasuwa. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, ya yi ta rubuce-rubuce yana rushe ra'ayin su Carothers. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Abin lura a nan shi ne, wurin da aka buɗe don tsare sojojin Bama shi ne ya haifi hujjar cewa tsarewa ba ita ce magani ba.

Daga 1970 Zuwa Yau

Yaƙin basasa ya sake kawo matsalar, a wannan karo da girman da ya ninka na da. Sojan Nijeriya da yake wajen mutum 10,000 a 1966 ya kai wajen 250,000 sa'ad da aka ajiye makamai ranar 15 ga Janairu 1970. Gwamnatin Janar Gowon ta yi shelar sulhu da gyara da farfaɗowa, aka yi tanadin guragu da makafi a cibiyar Oshodi, naƙasassun ɓangaren Biyafara kuwa aka tsugunar da su a Oji River. Alhakin wannan yaƙi ya fi na Bama nauyi, domin ɗan ƙasa ne ya harbi ɗan ƙasa, ga kuma yunwar da ta kashe ƙananan yara a gaban idon mayaƙa. Murray Last ya lura cewa sulhun da aka yi ya ginu ne a kan barin tone-tone. Wannan ya taimaki ƙasa ta zauna, amma ya bar kowane soja da nasa ƙullin a zuci, aka sake miƙa jinya ga iyali.

Daga nan sai Laberiya tun 1990, da Saliyo, da Darfur, sa'an nan rikicin Arewa maso Gabas tun 2009, wanda ya jawo har da matasan sa-kai 'yan kato da gora, waɗanda suka ga abin da soja ya gani ba tare da inuwar bariki ba. An sami ci gaba. Yanzu akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, a watan Janairu 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata da aka gada daga Turawa. Amma likitocin ba su da yawa, tsoron a ce da mutum mahaukaci kuwa yana nan, balle ga soja wanda jarumtaka ce jarinsa.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa raunin mayaƙi kashi biyu ne, firgici da alhaki, kuma kowane bangare na masu jinya rabi ya riƙe. Likita ya san firgici, yana da magani da dabarun zamani da aka jarraba, malami da fasto sun san alhaki, dangi kuwa su ne ƙasar da za a dasa mutum ya sake yin saiwa. Sojojin Bama sun sami na biyu da na uku gwargwadon hali, an hana su na farko saboda ra'ayin wariya. Abin tsoro a yau shi ne a ba jikokinsu na farko a yar da sauran.

Saboda haka ina ba da shawara uku ga wannan taro. Ta farko, sassan tarihi na jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗauki bayanin sojojin yaƙin basasa da matansu tun suna raye, domin na Bama sun kusa ƙarewa, a kuma bi fayilolin tsofaffin sojoji da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna. Ta biyu, masana harshe su zauna da likitoci su daidaita kalmomin Hausa na wannan fanni, yadda za a raba firgita da ƙunci da waswasi daga hauka, domin muddin kalma ɗaya ce ke rufe su duka, mai ciwo ba zai fito ba. Ta uku, a horar da limamai da fastocin bariki tare da likitocin soja, kowa ya san iyakarsa da lokacin da zai miƙa majinyaci ga ɗan'uwansa, a kuma sa matar soja da 'ya'yansa cikin lissafin masu bukatar jinya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, Ya ba na raye lafiya.